Kifin da Ya Yi Jini a Jirgin Naidan

"Kada ki ja da ƙarfi, Likita! Sassauta masa igiya, bar shi ya gajiyar da kansa."

Naidan yana durƙushe a goshin jirgi da koma a hannu sa'ad da ya faɗi haka, idonsa a kan wurin da igiyar fatsa ta huda ruwa tana kai da komowa. Sandar da ke hannun Likita Tsermaa ta lanƙwashe kamar baka. Likitar haƙori ce daga Ulanbator, wannan ne hawanta na farko a kan Farin Tafki, kuma tun sanyin safiya ba ta kama komai ba sai ƙananan zebeg guda biyu, kifin nan mai ɗigo-ɗigo da ke kwanciya inda rafi ke shiga tafki. Mijinta Tubshin kuwa, da ya zo da sanda mai tsada da hula mai faɗin baki, ko ciyawa bai kamo ba.

"Baba Naidan, hannuna zai cire!" in ji ta.

"Hannun da ya saba tumɓuke turamen haƙoran manyan mutane? Riƙe dai, 'yata. Ya kusa."

Da kifin ya taso, sai da Naidan kansa ya ja numfashi. Tsurhai ne, dogo, kore mai ratsin rawaya, da baki irin na agwagwa cike da haƙora kamar allurai. Tsawonsa zai kai daga kafaɗar namiji ta hagu zuwa yatsun hannunsa na dama. Naidan ya zura koma ƙarƙashinsa, ya ɗago shi cikin natsuwa, ya kwantar da shi a cikin jirgi. Yana dubawa ya ga kifin ya haɗiye ƙugiya har can ciki, kusa da jajayen sassan nan da yake shaƙar ruwa da su. Ya juya domin ɗauko doguwar filaya.

Wannan juyawar ce ta jawo komai. Tubshin, da ɗokin hoto ya kwashe shi, ya kama igiyar a kusa da bakin kifin ya ɗaga shi sama, yana cewa matarsa ta matso. Kifin ya yi fizga ɗaya. Ƙugiya ta yage nama daga ciki, haƙori ya tsaga yatsan Tubshin, jini ya tsiyayo a kan katakon jirgi, na mutum da na kifi. Tubshin ya saki igiya, ya sunkuya gefe zai tsoma hannu a ruwa.

Naidan ya cafke wuyan hannunsa kafin yatsa ya taɓa tafki.

"Ina za ka da hannun nan?"

"Ɗauraye shi kawai zan yi, Baba."

"A ina aka haife ka?"

"A Ulanbator."

"Mahaifinka fa?"

"A karkara, can Zabhan."

"To, da mahaifinka yana cikin jirgin nan, shi zai riƙe hannunka, ba ni ba. Naɗe yatsan da hankici, ka zauna a tsakiya. Kada ɗigo ɗaya ya fita daga jirgin nan."

Shekara goma sha tara ke nan Naidan yana kai baƙi kamun kifi a wannan tafki. Kakanninsa makiyaya ne, ba su ci kifi ba, ba su kuma ga dalilin da zai sa mai hankali ya bar doki ya hau katako ba. Lokacin da ya sayi jirginsa na farko, sai da ya je ya zauna a gaban surukinsa, tsoho Damdin, wanda shi ne babba a duk gaɓar arewa. Tsohon ya sha shayinsa ya ƙare, sannan ya gindaya masa sharuɗɗa uku: ba jini a cikin ruwa, ba madara, ba sabulu, domin masu ruwa, iskokin da ke cikin tafkin, ba sa yafe waɗannan. Naidan ya amsa da baki a gaban shaidu. Daga baya ya karɓi takardar izini daga ofishin da ke kula da gandun dajin da tafkin yake ciki, ita ma da nata sharaɗin: duk tsurhai ɗin da ya wuce tsawon hannun mutum, a mayar da shi ruwa da ransa, domin manyan su ne iyayen na gaba. Wannan kuwa ya amsa shi da sa hannu. Shekara goma sha tara alkawuran biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba su taɓa karo da juna ba sai yau. In ya saki kifin yadda yake, ya zuba jini a tafki. In ya kashe shi, ya saɓa wa takarda.

Kuma ba ranar da ta fi yau muni ga irin wannan. Bara wasu samari sun zo daga birni ba tare da jagora ba, suka feɗe kifi a bakin ruwa, suka wanke wuƙaƙensu a ciki. Hunturun da ya biyo baya ya zo da ƙanƙarar da ta rufe ciyawa wata huɗu, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Gombojab, ɗan marigayi Damdin kuma yayan matar Naidan, ya rasa arba'in daga cikin shanunsa masu dogon gashi. Mutanen gaɓa ba su yi wahalar haɗa wannan da wancan ba. Yau da ƙarfe ɗaya za su taru a obo, tarin duwatsun nan na kan tudu, su yanke ko za a ci gaba da barin jirgi ya sauka daga gaɓarsu. Jirgi ɗaya ne a gaɓar, na Naidan. Bisa yadda aka saba, babba ne ke fara magana, kuma ba a taɓa jin taron ya saɓa wa abin da ya faɗa ba. Babba a yau shi ne Gombojab, wanda tun narkewar ƙanƙara bai taka ƙofar ƙanwarsa ba. Naidan ya shirya ya sauke baƙinsa da sha biyu, ya sa rigarsa ta fita, ya je ya kare kansa. Kwana uku ya yi yana tsara jawabin.

Ya dubi agogo. Sha biyu saura kwata.

"Likita, jiƙa tsumman nan da ruwan gora ki rufe wa kifin idanu. Kai kuma ɗaga ƙafafunka."

Ya tayar da inji, ya nufi gaɓa mafi kusa, wani lungu mai tsakuwa a ƙarƙashin hanyar dawaki. Su uku suka ja jirgin har sai da wutsiyarsa ta bar ruwa sarai. Naidan ya warware tampol ɗin da yake rufe kaya da shi, ya shimfiɗa a tsakanin kujerun jirgi, ya ɗaure gefunansa har ya zama kamar kwamin shayar da dabbobi. Guga biyu yake ajiyewa a jirgi tun farkon sana'arsa, fari na ɗiban ruwan tafki, ja na kwashe ƙazanta, kuma ba a taɓa musanya su ba. Ya cika tampol da farin guga, ya kwantar da kifin a ciki. Nan take ruwan ya rine.

"Ba ni filayar," in ji Tsermaa, tana naɗe hannun riga. "Wannan kuma fagena ne. Baba, riƙe mini muƙamuƙinsa. Tubshin, haska mini da wayarka, ko yau ta yi amfani."

Ta sunkuya, ta leƙa cikin bakin kifin kamar yadda take leƙa na mutane.

"Buɗe baki, ranka ya daɗe. Yauwa. Kai ne majinyacina na farko da bai yi mini ƙaryar yana goge haƙora sau biyu a rana ba."

Ta murɗa, ta tura ƙugiyar baya, ta zaro ta ba tare da ta ƙara yaga komai ba. Sai dai ta ce raunin yana da ɗan zurfi. Jinin zai iya daskarewa, in kifin ya sami ruwa mai sanyi a kai a kai, amma ba ta san tsawon lokacin da zai ɗauka ba.

"Ruwa kam akwai shi," in ji Naidan.

Ya cika jan guga da ruwan jinin, ya hau gangare da shi, yana ƙirga taku. A na sittin ya tsaya, ya zuba a kan busassun duwatsu, ya sauko, ya ɗebo sabo da farin guga. Tubshin ya karɓi jan gugan cikin kunya, ya yi sawu uku, a na huɗu ya zube a kan dutse yana haki, yana cewa iskar tudu ba ta isar huhun mutumin ofis. Naidan ya je inda yake. Ya karɓi gugansa. Shekararsa sittin da uku, kuma gwiwarsa ta hagu ta daina yi masa biyayya tun faɗuwar da ya yi daga kan doki, amma ya ci gaba, hawa da sauka, Tsermaa tana riƙe da kifin a miƙe a cikin ruwa don kada ya kife.

Yana kan sawu na tara ya ji kofato. Gombojab ne a kan farin dokinsa, sanye da doguwar rigar taro mai ruwan ƙasa da ɗamara ruwan lemo. Ya ja linzami a bakin hanya, ya dubi jirgi a kan tudu, ya dubi baƙi, ya dubi abin da ke cikin guga. Bai sauka ba. Amma ko ana gaba, gaisuwa ba ta faɗuwa.

"Kuna cin bazara lafiya?" in ji shi.

"Lafiya ƙalau, Yaya. Dabbobi suna yin ƙiba?"

"Waɗanda suka rage suna yi."

Naidan ya ajiye guga. A ka'ida sai ya fito da battar tabarsa ya miƙa da hannun dama, amma hannayensa duk jini ne da santsin kifi. Ya ɗaga su ya nuna, a madadin ba da haƙuri.

"Jinin wa nake gani?" in ji Gombojab.

"Na tsurhai. Da ɗan na baƙona."

"Nawa ya shiga ruwa?"

"Ko ɗigo."

"Haka kowa yake cewa."

"Ni ba kowa ba ne, Yaya. Je ka duba gefen jirgin."

Gombojab ya matso da doki, ya zagaya jirgin a hankali, yana leƙen katako ta waje kamar mai sayen raƙumi. Tsermaa ta gaishe shi da ladabi, ya amsa da kai. Tubshin ya miƙe, ya cire hula, ya ɓoye yatsansa a baya.

"Baba, laifina ne," in ji shi. "Ni na ja igiyar. Har na so in wanke hannu a ruwan, shi ya hana ni."

"Ɗan wane ne kai?"

"Mahaifina mutumin Zabhan ne."

"To ka gaya masa ya bar aiki bai ƙarasa ba." Ya juya ga Naidan. "Kai kuma, mai ƙarnin kifi, ƙarfe ɗaya ta kusa. Ɗauki dutse ka ƙwala wa abin nan a ka, a kai shi bayan tudu karnuka su ci, ka wanke hannu ka zo ka faɗi abin da za ka faɗa. Ba na so gobe ƙanwata ta ce an yanke wa mijinta hukunci ba ya nan."

Naidan ya dubi tudun obo. Daga nan ana hango dawakan da aka ɗaure da shuɗɗan ƙyallaye suna kaɗawa a iska. Jawabinsa na kwana uku yana nan a kansa, da misalan shekarun da aka yi mugun hunturu tun kafin a ga jirgi a tafkin, shekarar biri da ta zakara a ƙirgar shekarunsu mai sunayen dabbobi, da sunayen waɗanda suka yi asara a kowace. Jawabi ne mai kyau, ya sani.

"Ba zan iya ba, Yaya," in ji shi. "Na yi wa Baba alkawari da baki, na yi wa ofis da hannu. In na tsaya a gabanku yau da ɗaya a karye, me zan ce muku game da ɗayan? Ku yi taronku. Abin da kuka yanke, na ji."

"Saboda kifi."

"Wannan uwa ce. Ƙwan da ke cikinta ya fi dabbobin gaɓar nan yawa."

"Kada ka haɗa mini dabba da kifi."

Naidan ya ɗauki guga ya kama gangare. Yana jin idon Gombojab a bayansa. Ya yi ƙoƙarin ɓoye ɗingishinsa, abin ya ƙi. Da ya kai taku sittin ya karkata guga zai zuba, sai tsawa ta same shi daga ƙasa.

"Kai! Me kake yi a nan?"

"Zubarwa nake yi."

"A nan? Taku nawa ka yi?"

"Sittin, yadda Baba ya ce."

"Sittin! Babana ne ya ce sittin? Ɗari da takwas ya ce, adadin 'ya'yan carbinmu na nan. Shekarar da aka yanka ragon bikin gwaggo Dolgor a bakin rafi, ni na ɗauki kwanon, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, yana bina a baya yana ƙirgawa."

"Wannan na yanka ne, Yaya. Ni da na tambaye shi game da ruwan wankin jirgi, sittin ya ce. Ina zaune a damansa."

"A hagunsa kake zaune, suruki ba ya zama a dama. Ka ga tun daga nan ka fara mantuwa. Jini jini ne, ko na rago ko na wannan mummunan abu. In aka yi ruwan sama, ina kake tsammani na taku sittin zai gangara?"

Kafin Naidan ya ba da amsa, Gombojab ya sauka daga doki, ya tura linzami a hannun Tubshin, ya cusa gefen rigarsa a ɗamara. Ya hau gangaren da ƙafafunsa masu gwame irin na wanda ya tsufa a kan sirdi, ya fizge gugan daga hannun Naidan.

"Kawo nan. Shekara goma sha tara kana zubar mana da ƙazanta a rabin hanya, ba wanda ya sani. Koma ka ɗebo mai kyau, da wannan gwiwar taka kamar ta tsohuwar akuya."

Ya wuce yana ƙirgawa da ƙarfi, sittin da ɗaya, sittin da biyu, har ya ɓace a bayan wani baƙin dutse. Da ya dawo, bai mayar da gugan ba. Ya tsoma shi a tampol, ya sake cikawa.

Haka aikin ya rabu. Naidan yana ɗebowa da fari, Gombojab yana kwashewa da ja, in ya gaji Tubshin ya karɓa, tsohon yana binsa da ido yana gyara masa ƙirga. Ruwan da ke cikin tampol ya tashi daga ja ya koma kamar ruwan wankin nama, daga nan ya fara washewa. Ƙarfe ɗaya ta yi, ta wuce. Ba wanda ya ambaci agogo.

Wajen biyu saura, mahaya huɗu suka gangaro daga obo neman babbansu, tun da ba a buɗe taro sai da shi. Suka ja dawakai suka tsaya cirko-cirko. Ga Gombojab, wanda ya yi wata uku yana cewa a ƙone jirgin nan, yana saukowa daga gangare da gugan jirgin a hannu, rigar taronsa jiƙe har gwiwa. Wata dattijuwa a cikinsu, Norjin, wadda ba ta tsoron kowa, ta rufe baki da hannun riga.

"Yaya Gombo, ashe sabon aiki ka samu? Nawa yake biyanka a wuni?"

"Rufe mini baki, Norjin. Ina nuna masa yadda ake yi ne. Ba wanda ya koya masa."

"Mu koma mu ce wa jama'a su jira kifi ya warke?"

"Ku ce musu abin da kuka gani."

Ba su koma ba. Suka sauka, suka kewaye jirgin, suna leƙen kifin daga nesa-nesa, domin yawancinsu ba su taɓa ganin tsurhai da rai kusa haka ba. Norjin ta ce fuskarsa sak ta wani mai karɓar harajin ulu da ta sani a da. Tsermaa ta ɗaga murfin kumatun kifin a hankali, ta duba, ta ce jinin ya tsaya.

"Ke likitar mutane ce," in ji Gombojab. "Matsa in gani."

Ya zaro farin hankici daga ƙirjin rigarsa. Ya yi jim, domin a shekara saba'in da ɗaya bai taɓa sa hannu a jikin kifi ba. Sannan ya durƙusa, ya dangwala hankicin a wurin raunin, ya ɗaga shi sama ya duba a hasken rana, ya juya shi, ya miƙa wa Norjin, ita ma ta duba ta miƙa wa na kusa da ita. Ruwa ne kawai a jiki.

Naidan ya wanke hannayensa a kan tudu da ruwan farin guga, Tubshin yana zuba masa. Ya ɗauki kifin a hannu biyu kamar jariri, ya shiga tafki har cinya, ya riƙe shi a ƙarƙashin ruwa yana fuskantar zurfi. Ya daɗe a haka, sanyi yana cin ƙashinsa. Kumatun kifin suna buɗewa suna rufewa a hankali. Can sai ya ji jikin ya yi ƙarfi a tafinsa. Wutsiya ta kaɗa sau ɗaya, ta watsa masa ruwa a fuska, kifin ya nutse cikin ciyayi ya tafi. Tsermaa ta yi tafi, ta ga ita kaɗai ke yi, ta daina.

Da Naidan ya fito, Gombojab ya riga ya hau doki, sauran ma haka. Naidan ya tsaya a gabansa, ruwa yana zuba daga wandonsa.

"Yaya, in sa riga in biyo ku? Ina da abin faɗa."

"Na san abin da za ka faɗa. Shekarar biri da shekarar zakara. Ƙanwata ta ce kwana uku kana yi wa tukunyar shayi jawabi, har ta aiko mini in zo in cece ta." Ya gyara zama a kan sirdi. "Tsaya ka wanke jirginka, a kan tudu, kuma ka kai ruwan inda na nuna maka. Gobe da hantsi ka same ni a bayan baƙin dutsen can da shebur. Rami za mu haƙa mai zurfi, a jera masa duwatsu, don baƙin da za ka kawo baɗi su san inda ake zubarwa."

Ya juya dokinsa ya kama hanyar obo, sauran suka bi shi. Naidan ya tsaya yana kallonsu har suka hau tudu.

"Baba," in ji Tubshin a hankali, "mun jawo maka, ko? Me za su yanke?"

Naidan ya sunkuya ya ɗauki jan guga, ya miƙa masa.

"Ɗari da takwas," in ji shi. "Ka ƙirga da kyau. In mun gama, akwai wani lungu a yamma inda zebeg ke taruwa da la'asar. Ba zan mayar da kai Ulanbator hannu wofi ba, matarka ta yi ta yi maka dariya har hunturu."